Jan Idon Dobri

Nevena ta ɗaga fatar idon mahaifinta Dobri da babban yatsa, ta juya fuskarsa wajen taga. Idon ya yi jajur, kwantsa ta manne gashin idon. A bayan kunnensa akwai wani baƙin tabo, inda ya ce ya cire kaskar kare kwanakin baya. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta gyara masa hula.

"Ƙurar ciyawa ce, Baba. Zai wuce."

"To zazzaɓin fa?"

"Tsufa ne."

Dobri ya yi dariya. Shekara hamsin yana kiwon tumaki a bayan garin Haskovo, bai taɓa yarda da asibiti ba. Ko lokacin da matarsa, mahaifiyar Nevena, ta kwanta ciwo, cewa ya yi ba zai sayar da rago don ciwon kai ba. Kwana tara ta yi tana roƙo a kai ta gari. Nevena tana da shekara sha huɗu, ita ta rufe mata ido da ta rasu.

Yanzu ta ɗauki hutu daga aikinta a birnin Plovdiv ta zo jinya. Kullum sai ta dafa masa miyar wake, ta wanke idon da ruwan ɗumi, ta sauya zanen gado. Maƙwabciyarsu Tsonka takan leƙo ta katanga ta tsokane shi: "Tsohon banza, ina ka samo 'ya haka? Mai Nevena a gida me zai je nema a asibiti?"

A mako na biyu ƙuraje suka feso masa har tafin hannu. Ya fara laluben bango. Ranar da ya tsiyaya madara a kan tebur, kofin na gefe, sai ya kira ta.

"'Yata, dishi-dishi nake gani. Ko dai mu je gari?"

"Gobe, Baba."

Washegari ma haka ta ce.

Ranar Talata da hantsi tana ba shi miya a baki wayarta ta yi ƙara. Ta fita tsakar gida, ta ja ƙofa. Daga asibitin da take aiki ne.

"Likita, a gafarce ni na katse miki hutu. An kawo wani manomi sashenmu na ido. Ido ja, zazzaɓi, ga baƙin tabon cizon kaska a wuya."

"To me kuke jira?" in ji Nevena. "Ku fara ba shi ƙwayoyin maganin yanzun nan. Sau nawa zan koya muku? Irin wannan in aka bar shi mako biyu, idon ya tafi ke nan."