Baitin da Ilyasu Bai Rubuta Ba

Ranar Talata, huɗu ga Oktoba 2022, Ilyasu, magatakarda a Madarumfa, ya fara ganin Malama Zahara'u, lokacin da ta kawo takardun 'yan lakwal ɗinta, wato ɗalibanta, a buga musu hatimi. Bayan shekara biyu cif suka tsaya a bakin tafki da la'asar, waƙar da ya aika mata tana hannunta.

"Malam Ilyasu, na karanta," in ji ta. "Kamantawa tara na gani. Ka ce ni kamar tafkin nan nake, kamar inuwar gawo nake. Amsa-amonka bai karye ko sau ɗaya ba."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

"Amma ina baitin rufewa? Kowane mawaƙi a nan yake faɗin sunansa, ya faɗi abin da yake nema. Kai ka bar wurin fari fat. Kuma wani direba daga Ɗan Issa zai turo magabatansa wurin Baba ran Juma'a."

Ilyasu ya dubi wani masunci da ke naɗe komarsa can nesa.

"Ban gama gyara shi ba, Malama."

Ta ɗan jira. Sannan ta ninke takardar, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya ba da sa'ar gyara."

An ɗaura aurenta bayan girbi, ta tare a Ɗan Issa. Ilyasu yana nan a teburinsa. Ya kammala baitin a watan Janairu, ya sa kwanan wata a ƙasa, ya adana.