Sabuwar Ɗalibar Fa'izu

"Malama, duba da idonki," in ji Fa'izu, yana nuna tabarmin ajinsa da suka cika maƙil da yara.

Malama Zaituna ce shugabar ɗaliban jami'a masu koyar da yara kyauta bayan la'asar. Ta zo Takur ne ta rufe duk ajin da ba a zuwa. Na Fa'izu kuwa ba masaka tsinke, 'yan mata har da ƙannensu a goye suke zuwa. Shi dai a ransa ba a taɓa yin malamin lissafi kamarsa ba.

Sai ga Gwaggo Luba, wata tsohuwar unguwar, ta dogaro sanda da tabarma a hammata. Fa'izu ya gyara zaman hula.

"Kin gani? Har iyayenmu sun ji labari! Gwaggo, lissafi za a koya?"

"Lissafin me, ɗan nan?" Ta shimfiɗa tabarmarta, ta ciro matashi. "Matan unguwa suka ce ko jinjiri mai fitar da haƙori, kana buɗe baki yake yin barci. Ni kuwa tun da ciwon gwiwa ya taso min ban runtsa ba."

Ta kishingiɗa.

"Bismillah, fara."