Na'urar da Ta Juyo Daga Japan

Jan ɗigon da ke kan allo ya tsaya cak a tashar jiragen ruwa ta Shimonoseki da ke Japan. Injiniya Bang Yeon-suk ta ajiye kofin shayinta a hankali.

Bai kamata ya tsaya ba. Tsarin da ta zana ba shi da zango: tsofaffin kayan lantarki su tashi daga Busan ta ƙasar Koriya, a farfasa su a wata masana'anta a Japan, tagulla ta wuce Taiwan, roba ta dawo Koriya ta zama bokiti. Wannan ne gwajin ƙarshe, ga wakilan ƙasashen uku sun zuba wa allo ido. In kayan gwaji suka shiga injin niƙa, a sa hannu kan yarjejeniya. In ba su shiga ba, kowa ya kama gabansa.

Ita ta zaɓo kayan gwajin da kanta: wata tsohuwar na'urar karaoke, irin mai sa kiɗa mutum ya rera waƙa a kai, ta cusa mata ƙwayar bin sawu a ciki. Abokan aiki sun ce a sa firji, ta ce sam.

Kuwabara, wakilin Japan, ya gyara tabarau. "Injiniya, ko kayan naki sun tsaya cin kifi ne a garinmu?"

"Yanzu za su tashi," in ji ta.

Sun tashi kuwa, amma baya suka yi. Washegari da hantsi ɗigon ya sauka a Busan.

Madam Tseng ta Taiwan ta rufe alƙalaminta. "To, mu dai mun ga zagaye. Niƙa ne ba mu gani ba."

"Wani ne ya yi mana sata," in ji Yeon-suk, "kuma yau sai na ga idonsa."

Ta cusa su a motarta suka bi ɗigon. Ya ratsa kasuwar kifi, ya haye gada, ya fara hawa unguwannin kan tudu. Da ya shiga wani siririn lungu, Yeon-suk ta karya kwana tun kafin allon ya nuna.

Ɗigon ya tsaya a wani gida mai koren ƙyaure. Daga ciki wata murya ke jan waƙar soyayya kamar ana jan teburi a kan siminti. Kuwabara ya toshe kunne guda, don ladabi.

Ƙofa ta buɗe. Wani mai tumbi ya leƙo da makirufo a hannu, baki har kunne.

"Maman Ha-rin! Zo ki ga abin mamaki! Ɓarayin nan har Japan suka kai min ita. Wani ɗan gwanjo ya zaro ta daga kwantena, ya sa hotonta a intanet, ina gani na ce wannan tawa ce! Au, baƙi kika kawo? Ku shigo, ina da waƙoƙin Japan ma!"

Yeon-suk ta sulale ta zauna a dokin ƙofar gidanta. Sau biyu tana jefar da na'urar mijinta a cikin Koriya, masu kwashe shara suna dawo masa da ita har gida. Shi ya sa ta shafe shekaru tana haɗa kan ƙasashe uku.