Ruwan Mazarƙwaila a Rumfar Wardi

Yuleidis ta riga ta yanke shawara: ana gama wannan makon za ta bar gonar furanni. Kamfanin bai san da zaman ma'aikatansa ba. Saura kaɗan bikin masoya, odar wardi ta taru, mata kuwa sai zamewa suke zuwa gonar da ke tsallaken titin Facatativá. Manaja ya ce in oda ta makara, zai rufe rumfar ɗaurin fure.

Sai ran Litinin suka tarar da tukunya tana tururi a bakin rumfa: ruwan mazarƙwaila, ga cuku a yayyanke. Washegari ma haka.

"Aikin sabuwar nan ne, Doña Graciela ta ofishin ma'aikata," in ji Nubia, wadda suke tebur ɗaya. "Yarinya, ashe a sama ma akwai mai zuciya!"

Yuleidis ta ɗaga tafiyarta zuwa wani makon. Wanda aka tuna da sanyin hannunsa, ai ya daure. Sauran ma suka daina maganar tafiya. Almakashi ya ƙara sauri, har waƙa ta dawo rumfa. Kwali kan kwali suka riƙa shiga ɗakin sanyi, inda Ferney mai tsaronsa yake karɓa yana hamma.

"Kai gwauro, me ke hana ka barci?" Nubia ta tsokane shi. "Zo ka sha na kamfani, ko ka yi kumari."

Ya ce ya ƙoshi, idonsa a ƙasa.

Oda ta fita a kan lokaci. Aka tara ma'aikata, manaja ya yaba wa Doña Graciela, ya ce an ɗaga ta zuwa babban ofis na Bogotá.

"Ni fa ban yi komai ba," ta ce.

Suka tafa mata. Ga kirki, ga kunya!

Da ta tafi, hankalin Yuleidis ya tashi. In tukunya ta tsaya, rumfa za ta sake watsewa. Da asuba ta biyo motar ma'aikata ta farko don ta roƙi mai dafawar kada ya daina.

A bayan ɗakin sanyi ta iske Ferney tsugune gaban risho, yana juya ludayi.

"Au, kai ofis ya sa?"

"Wane ofis?" ya ce, kunnuwansa sun yi ja don kunya. "Na ji za ki tafi ne. Da ke kaɗai na kawo wa, ai da kowa ya gane."