Firintar Da Ta Ƙi Muntari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A wata masana'antar butoci da bokitan roba da ke Sharada, firinta ɗaya ce tak, kuma jone take da kwamfutar Zulaihat, sakatariyar ofis. Duk mai son buga takarda sai ya sa aikinsa a filashi, ya tako har teburinta, ya tsaya ta buga masa.

Kowa yana ƙorafin wannan zirga-zirga, ban da Muntari mai kula da sito. Shi kam da son samu ne ya wuni yana buga takardar fitar da kaya. Sai dai tun zuwansa daga Ringim bai taɓa ce mata komai ba bayan sallama da "kwafi biyu". Ita ma ba ta ɗago kai, amma kullum takardarsa ce ta fi ta kowa daɗewa kafin ta fito.

Mai masana'antar, Hajiya Lami, dattijuwa ce mai faɗa. Ofishinta yana kallon na Zulaihat, ƙofa kullum a buɗe. Ta sha jin "kwafi biyu" har ta gaji. Ran nan ta ce shige da ficen nan ya ishe ta, ta sa aka kira mai gyara.

Mai gyara ya huda bango, ya zura wayar firinta ta ciki, ya ajiye firintar a baranda, sannan ya haɗa kwamfutocin ofis gaba ɗaya. Ya yi bayani cewa har yanzu ta kwamfutar Zulaihat aiki zai riƙa bi, daga nan ake buɗe wa kowace kwamfuta ƙofa, daga nan kuma ake rufe mata. Hajiya ta sa ya maimaita a gabanta, a hankali, wai ita ba ta biyan aikin da ba ta gane ba.

Kowa ya yi murna. Muntari yakan danna daga sito, ya zo baranda ya kwashi takardunsa, ya juya. Abin da yake gani bai wuce gefen gyalenta ta taga ba. Har mai abincin bakin get ta fara tambayarsa ko lafiya, don ya koma rage shinkafa.

Wata Litinin sai firinta ta ƙi karɓar aikinsa. Na kowa yana fita, nasa shiru, ga direbobi suna ta danna ham a tsakar masana'anta. Hajiya ta leƙo ta ce ya ɗauki filashinsa ya je wurin sakatariya, kada ya ɓata mata kasuwa.

Mai gyara ya zo ya buɗe. Litinin ta zagayo, ƙofa ta sake rufuwa. Da ya dawo karo na gaba, ya ce wannan ba lalacewa ba ce, hannu ne, kuma daga kwamfutar Zulaihat ake yi. Sagir akanta ya samu abin tsokana. Duk inda suka haɗu sai ya ce, "Malam Muntari, firintar nan fa ta san abin da take yi."

Hajiya ta kira Muntari da Zulaihat ta wanke su tas. Ta ce kada su ɗauka ba ta gani, ita da take riga masu shara isowa duk Litinin. In aka kuma, za ta mayar da Muntari sitonta na Dakata, ya je can ya yi ta fama da masu lodi.

Muntari ya koma sito. Shi dai ya san bai taɓa kwamfutar nan ba. To wa ke zama a kanta? Da ya kai nan a tunani, sai da ya nemi buhu ya zauna. Ashe ita ce. In ya faɗi gaskiya ya tona mata asiri, in ya yi shiru kuma sai Dakata, inda ko gefen gyalen ba zai ƙara gani ba.

Litinin ta zo, ƙofa a rufe. Ya ɗauki filashi ya shiga, ya yi sallama. Ta miƙo hannu tana jiran "kwafi biyu".

"Wa zan samu a gidanku?" in ji shi.

Ba ta ɗago ba. "Kawuna, a Zawaciki. Ka dai daɗe."

Maganar Dakata ba a sake tayar da ita ba. Hajiya ta ba da gudummawar biki mai kauri, tana yi tana mitar an ɗauke mata sakatariya.

Bayan an watse da biki, Muntari ya yi wa amarya godiya, ya ce ba don dabararta ba, da har yanzu yana nan yana buga kwafi biyu. Ta ce ita duk zatonta shi ne yake lallaɓowa ya rufe, abin da ya sa ma ta yi shiru a gaban Hajiya ke nan.

Kafin amarya ta gama hutu aka kawo wata budurwa, Fiddausi, ta riƙe teburin. Ba a daɗe ba Sagir ya fara fesa turare, yana kuma yawan tsayuwa a baranda ba dalili.

Wata Litinin Muntari ya yi sammako saboda motar da za ta tashi da wuri. Yana wucewa ta baranda ya hangi mutum a kujerar sakatariya. Hajiya Lami ce, tabarau a kan hanci, tana dannawa da yatsa ɗaya, tana rufe ƙofar kwamfutar Sagir. Ta ɗago suka haɗa ido, ko gezau ba ta yi ba.

"Wuce ka yi lodinka, ango," in ji ta. "Wannan ya fi ka surutu, ba zai kai ka daɗewa ba."

Ƙurunƙus kan kusu. In da ƙarya a ciki, ta Gizo ce.