Jan Zaren Mai Daddawa

Wa ya aike ku ku tambaye ni? Don malaminku ya karanta muku allon da ke bakin hanya, wai kamfanin waya ya dasa itace dubu uku, shi ne za ku zo ku tsare ni ina tankaɗe? Samed, sauke ƙafarka daga tabarmata. Ban san boko ba, amma na san abin da allon bai faɗa ba. Sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wata mai daddawa a nan zangon Bawku. Ɗorawa bakwai gare ta a hanyar Pusiga, gadon uwarta. Da kalwarsu ta ciyar da gida, da ita ta kai 'ya'yanta makaranta.

Akwai kuma wani ma'aikacin kamfanin, wanda aka ɗora a kan abin da suke kira kyautata wa al'umma: rijiya, makaranta, dashen itace. Kada ku tambayi sunansa. Bakina ba ya kiran sunan nan.

Kamfani na neman tudu ya kafa dogon ƙarfen sabis. Mutumin ya san tudu mai kyau. Ya kawo wa tsohuwar takarda, ya ce ta katin asibiti ce. Ta miƙa babban yatsa ba ta ko goge hannu ba. Ranar da ta tafi bukin suna a garin Garu aka kawo injin yankan itace. Kafin azahar an gama da bakwai ɗin.

Da ta dawo ta tsaya cikin kututture, ya same ta.

"Mma, bakwai ne fa kawai. Dubu uku za mu dasa, Salaga, Yendi, Bawku. Daddawa kuma wa ke ci yanzu? Ga dunƙulen magi a kanti."

Ta tsince kalwar da ta zube, ta ƙulle a bakin zane.

Damina ta kama. Lori ta kawo dashe cikin baƙar leda, mangwaro da kashu da darbejiya. A tsakar gidan tsohuwar aka sauke su, don rijiyarta ba ta ƙafewa, kuma ba sai an roƙe ta ba. Ta ƙirga. Dubu ɗaya.

"Ina sauran?" ta ce.

"Suna hanya."

Kwana uku tana durƙushe a cikinsu. Jan zaren da take ɗaure ƙullin daddawa da shi, shi ta ɗaura a wuyan kowane dashe, ƙulli biyu, irin nata. Mutumin ya gani ya yi dariya, ya ce zai ma yi kyau a hoto.

Lori ta tafi Salaga. An yi kiɗa, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Bayan sati lori ta dawo, wai dashen Yendi ne, a shayar da su kafin buki. Tsohuwa ta duba wuya. Zarenta. Ta duba gindi. Leda na nan, da ƙasar wani gari manne a jikinta. Da leda ake binne su, baƙi na juya baya a tone.

Ta ba su ruwa, ta cire musu tsutsa.

Suka je Yendi suka dawo, wai na Bawku ne. Ta sake ba su ruwa.

Bukin Bawku shi ne babba. Shugabar sashen ta zo daga Akra, Madam Shahida, da masu kyamara. An kafa rumfa, an rataya manyan hotunan Salaga da na Yendi don jama'a su gani. An shirya ba wa mutumin lambar yabo da ƙarin girma. Ya sa farar riga da aka goge masa a gida.

Tsohuwa ta jira har Madam ta durƙusa da cebur. Sannan ta ratsa 'yan rawa, ta kama dashe ɗaya da yatsa biyu ta ja. Ya fito da ledarsa, kamar an zare cokali daga koko. Ta ja na biyu. Ta ja na uku.

"'Yata," ta ce, "ke mai karatu ce, ni ba ni da shi. Dubi wuyan wannan. Yanzu je ki dubi hotonki na Salaga."

Madam ta je ta kafa ido. Ta wuce na Yendi. Jan zare, ƙulli biyu, a kowane wuya.

"Mma, don Allah," in ji mutumin, murya ƙasa ƙasa.

"Bakwai ne fa kawai," ta ce masa.

Aka buga waya Salaga da Yendi, ta kan ƙarfen da ke tsaye a gurbin ɗorawarta. Ramuka aka tarar, awaki na kiwo a ciki. Kafin la'asar an karɓe makullin motarsa a gaban gari.

Madam ta tambayi tsohuwa me kamfani zai yi mata. Ta ce a cire leda a dasa dubun nan da gaske, a ƙara ɗorawa bakwai a gefen tudu. Mai ban ruwa kuma ita za ta samo. Babu ofishin da ya sake ɗaukar mutumin, sai ta miƙa masa bokiti. Shekara tara ke nan yana ɗauka, bana ɗorawa bakwai ɗin suka fara fure.

Asiatu, rufe bakinki, kin ji ni sarai: ba ƙiyayya ta hana ni kiran sunansa ba, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ku tashi ku wuce ku kwanta, gobe Asabar, da ku ubanku zai tafi ban ruwa.