Batirin Kyauta

"Maɓallin kunnawa kawai za ka gyara, ɗan nan. Kada ka taɓa komai," in ji tsohuwar, ta ajiye ɗan gem, wato na'urar wasa ta hannu, a teburin mai gyara.

Mai gyara ya yi murmushi. Shekara ashirin yana wannan sana'a, yau za a koya masa aiki? Gem ɗin ya girmi duk wayoyin shagon, da kaset ɗin wasan tanis maƙale a bayansa. Kafin ta dawo daga kasuwa ya gama da maɓallin. Da ya leƙa cikin kaset ɗin, sai ya ga ƙaramin batirin da ke riƙe da ajiyar wasa, wato inda mai bugawa ya tsaya, ya fara tsatsa. Shi ba ya aikin rabi da rabi. Ya cire, ya sa sabo, kyauta.

Ta dawo ta karɓa da hannu biyu.

"Na autana ne," ta ce. "Wata bakwai yana bugawa a gadon asibiti. Saura bugu ɗaya ya ci kofi, ya ajiye wasan, ya ce, 'Mama, gobe zan ƙarasa.' Goben ba ta riske shi ba. Kullum da safe nakan kunna, in ga ɗan mutumin nan nasa na cikin wasan riƙe da ƙwallo yana jira. Shekara tara ke nan."

Mai gyara ya dubi tsohon batirin cikin kwandon shara. Ya fi kowa sanin abin da cire shi ke gogewa.

Ta danna maɓallin. Allon ya kawo haske, ya nemi sunan sabon ɗan wasa.

Ta matso da shi kusa da idonta. "Ɗan nan, ina yaron?"